Ka'idojin Aiki a Ɗakin Binciken Abubuwa Masu Tiririn Nukiliya



Gabatarwa

Hausawa sun ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Kusan kowace sana'a haɗarinta yana yin sallama kafin ya iso. Maƙeri yana jin hucin ƙarfe tun hannunsa bai kai gare shi ba, mai haƙar rijiya kuwa yana ganin ƙasa ta fara zubowa sai ya nemi igiya. Amma akwai wani aiki wanda haɗarinsa ba shi da wari, ba shi da ƙara, kuma ba ya zafi a lokacin da yake ɓarna. Wannan shi ne aiki da abubuwa masu fitar da tiririn nukiliya, watau abin da masana ke kira rediyeshan. Mutum yana iya tsayawa yana raha da abokin aikinsa, alhali jikinsa yana shan abin da zai kwantar da shi bayan mako guda, ko ya jawo masa sankara bayan shekara ashirin.

Wannan magana ta shafi Nijeriya kai tsaye. A Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, wadda ta fara aiki a shekarar 2004. Da ita ake gano irin sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci. Ban da ita, akwai abubuwa masu tiriri a sassan kimiyya na jami'o'i, da asibitocin da ke ƙona sankara, da kamfanonin haƙar mai. Ɗalibin da ke zaune a nan yana iya samun kansa gobe a ɗayan waɗannan wurare, ma'aikacin gwamnati kuwa yana iya samun fayil ɗinsu a kan teburinsa.

Abin da wannan lacca za ta nuna abu guda ne. Tun da yake ido da hanci da fata ba su da amfani a wannan fage, tsaron ma'aikaci ya rataya ne a kan rubutacciyar ka'ida, da na'urar awo mai lafiya, da kundin da ake rubuta gaskiya a ciki. Babban abin da ke rusa su kuwa shi ne sabo.

Mene ne Tiriri?

Kowane abu a duniya haɗuwar ƙwayoyin zarra ne, kowace ƙwaya kuma tana da cibiya. Cibiyar waɗansu ƙwayoyin ba ta zauna daidai ba, saboda haka takan fashe ta zama wata aba dabam, a wajen fashewar ne take harba tiriri. Idan tiririn ya ratsa jikin mutum, yakan lalata ƙwayoyin halittar da ya bi ta cikinsu. Idan ya yi yawa a lokaci guda, sai ɓargo ya daina yin jini, hanji ya salɓe, fata ta ƙone. Idan kuwa kaɗan-kaɗan ne, ba a ganin kome nan take, sai dai yana ƙara yiwuwar kamuwa da sankara a gaba.

Tiririn da ake haɗuwa da shi a ɗakin bincike iri huɗu ne. Na farko shi ne alfa, wanda fallen takarda ko fatar jiki ke iya tarewa, amma idan abin da ke fitar da shi ya shiga ciki ta baki ko hanci ko rauni, ya fi sauran ɓarna. Na biyu shi ne beta, wanda allon roba mai kauri ke tsayarwa. Na uku shi ne gama, ɗan'uwan hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yana ratsa jiki ya wuce, sai dalma ko kankare mai kauri ke rage masa ƙarfi. Na huɗu shi ne niyutiron, wanda ake samu a tukunyar nukiliya, shi kuwa ruwa da kakin farafin sun fi dalma iya sanyaya shi.

Kowane abu mai tiriri yana da wa'adin da ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Na aidin 131 kwana 8 ne, na fosfaras 32 kwana 14, na kobalt 60 ya ɗan haura shekara 5, na sisiyam 137 shekara 30, na radiyam 226 kuwa shekara 1,600. Ba wuta ko ruwa ko magani da zai gaggauta wannan wa'adi.

Wajibi ne kuma a bambanta abubuwa biyu da mutane kan cakuɗa. Wanda ya zauna kusa da wuta yana jin ɗumi, da ya tashi ya rabu da ita. Wanda garwashi ya faɗa masa cikin aljihu kuwa, duk inda ya nufa da wutarsa ya tafi. Misalin farko shi ne na mutumin da tiriri ya haska daga waje, na biyu shi ne na wanda ɓurɓushin abin ya manne masa a jiki ko tufa, ko ya shige masa ciki. Kowanne da irin rigakafinsa.

Yadda Aka Koyi Ka'idojin

Ka'idojin nan da rayukan mutane aka saye su. A shekarar 1895 Wilhelm Rontgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a Jamus, a 1896 Henri Becquerel ya gano tiririn yuraniyam a Faransa, sa'an nan a 1898 Marie Curie da mijinta Pierre suka gano radiyam. Da hannu suke taɓa kayan, yatsunsu suna tsagewa, ba su san girman abin da suke riƙe da shi ba. Marie Curie ta rasu a 1934 da ciwon mutuwar ɓargo. Littattafan da ta riƙa rubuta sakamakon gwajinta a ciki suna ajiye a birnin Faris cikin akwatunan da aka shimfiɗa wa dalma, domin har yanzu suna fitar da tiriri.

A Amurka kuwa, tun daga wajen 1917, an ɗauki 'yan mata aikin shafa wa fuskar agogo fenti mai radiyam don ya riƙa haske da dare. An koya musu su riƙa lasar bakin buroshi da leɓe don ya yi tsini. Jiki yana ɗaukar radiyam tamkar sinadarin gina ƙashi, saboda haka ya taru a ƙasusuwansu, haƙora suka zube, muƙamuƙai suka ruɓe, da yawa daga cikinsu suka mutu da ƙuruciya. Biyar daga cikinsu sun kai ƙara, aka sasanta a 1928. A wannan shekarar ce kuma aka kafa kwamitin duniya na kare mutane daga tiriri a birnin Istokholm, wanda har yanzu shawarwarinsa ne tushen dokokin ƙasashe. Duk ɗalibin da ya ga an rubuta a ƙofar ɗakin bincike cewa an hana ci da sha, ya tuna da waɗannan 'yan mata.

Awo da Iyaka

Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin da ake kira milisibat. Kowane ɗan Adam yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama, ko da bai taɓa shiga ɗakin bincike ba. Hoton ƙirji guda a asibiti bai wuce 0.1 ba. Milisibat 4,000 zuwa 5,000 a lokaci guda a jiki duka yana iya kashe kimanin rabin waɗanda suka sha shi idan ba su sami magani ba.

Iyakar da aka yanka wa ma'aikaci ita ce milisibat 20 a shekara, idan aka raba abin da ya sha cikin shekara biyar, kuma kada ya haura 50 a shekara guda. Ga sauran jama'a iyakar milisibat 1 ce a shekara, ban da na halitta da na asibiti. Idan ma'aikaciya ta sanar cewa tana da juna biyu, dole a sauya mata tsarin aiki yadda abin da ke cikinta ba zai sha fiye da milisibat 1 ba har ta sauka. Amma kada a ɗauki iyakar nan tamkar albashi wanda sai an cinye shi duka. Ka'idar ita ce a rage abin da ake sha gwargwadon iyawa, kuma kada a fara wani aiki da tiriri sai amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa.

Lokaci, Nisa da Shamaki

Da abubuwa uku ake kare jiki daga tiririn da ke zuwa daga waje. Na farko lokaci. Wanda ya yi minti goma a gaban tushen tiriri ya sha rabin abin da mai minti ashirin ya sha. Saboda haka ake so ma'aikaci ya fara gwada aikin da ruwan banza mai launi, ya maimaita har hannunsa ya faɗa, ya jera kayansa duka, kafin ya buɗe kwalba ta gaskiya. Wanda ya buɗe kwalba sa'an nan ya tafi neman alƙalami ya sha tiriri a banza.

Na biyu nisa, shi ne kuma mafi arha. Idan aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin tiririn gama yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, idan aka ninka sau goma yana komawa ɗaya cikin ɗari. Watau yatsan da ke nisan santimita 1 daga ɗan ƙaramin tushe yana shan ninki ɗari na abin da zai sha a nisan santimita 10. Wannan lissafi shi ya sa ba a ɗaukar tushen tiriri da hannu ko da akwai safa, sai da dogon awartaki.

Na uku shamaki, kuma a nan ne mai ƙaramin sani yakan yi kuskure, ya zaci dalma maganin kome ce. Dalma mai kaurin kimanin santimita 1.2 tana rage tiririn kobalt 60 da rabi, wannan gaskiya ne. Amma idan aka tare fosfaras 32 da siririyar dalma, tiririn beta da ya bugi dalmar yakan haifar da wani haske mai ratsa jiki. Abin da ya dace da shi allon roba ne mai kama da gilashi, mai kaurin santimita 1. Bugu da ƙari, mai jera tubalan dalma ya tuna da ƙasan tebur da bayan bango, gama tiriri yana bin kowace fuska, kuma mai yiwuwa akwai magatakarda zaune a ofishin da ke maƙwabtaka.

Aikin Yau da Kullum

Ana rarraba ɗakin bincike gwargwadon haɗari. Akwai sashen da ba mai shiga sai wanda aka horar aka ba shi izini a rubuce, a ƙofarsa kuma akwai alamar nan mai fukafukai uku a kan rawaya. Kowane ɗaki yana da jami'in kariya, wanda sunansa da hanyar samunsa ke manne a ƙofa, kuma yana da ikon tsayar da aikin kowa, ko da na shehin malami ne.

Kafin ma'aikaci ya shiga, zai sa rigar aiki ya ɓalle maɓallanta, da rufaffen takalmi, da tabarau, da safar hannu, sau da yawa biyu a haɗe. Wanda ke da rauni a hannu ba ya aiki da buɗaɗɗen abu sai ya warke ko an rufe shi sarai. Ana yin aikin ne a cikin faranti mai baki, wanda aka shimfiɗa wa takarda mai shan ruwa, don in an yi ɓari ya tsaya wuri guda. Kowace kwalba sai an rubuta mata sunan abin da ke ciki, da ƙarfinsa, da kwanan wata, da sunan mai ita. Ba a zuƙar ruwan gwaji da baki ko kaɗan.

A ƙasa mai zafi akwai jarrabawa ta musamman. Zufa takan sa mutum ya so tuɓe riga da safa, ƙishirwa takan sa ya shigo da ruwa, wani kuma ba ya rabuwa da ɓarin goro a aljihu. Akwai mai lasar yatsa in zai buɗe shafin littafi, akwai mai ajiye abincinsa a firjin da ake ajiye kayan gwaji don shi ne mai sanyi a sashen. Kowane ɗayan waɗannan hanya ce daga tebur zuwa ciki. Haka kuma wanda ya ɗaga waya ko ya riƙe marikin ƙofa da safa a hannunsa, ya bar wa wanda zai zo bayansa rabo.

Abin da ke tashi ya bi iska, kamar aidin, ba a buɗe shi sai a cikin akwatin zuƙe iska, domin idan aka shaƙe shi yana taruwa a ƙullutun wuya, watau wanda in ya kumbura ake kira maƙoƙo. Kafin a fara, sai a tabbata fankar akwatin tana ja, a kuma sauke gilashin gabansa zuwa alamar da aka yi. Idan aka ɗauke wutar lantarki ana tsakiyar aiki, fanka ta tsaya, akwatin ya tashi daga aiki. Abin yi shi ne a rufe kwalba, a sauke gilashi, a fita. Saboda haka janareton irin wannan ɗaki yana cikin kayan kariya, daidai da tubalan dalma.

Idan an gama, sai a auna tebur da ƙasa da kayan aiki, a cire safa ta hanyar juya cikinta waje, a wanke hannu, a auna hannu da riga da tafin takalmi, a rubuta sakamako a kundi, sa'an nan a fita. Rigar aiki ba ta zuwa gida, ba ta zuwa wurin cin abinci.

Na'urorin Awo

Na'urar Gaiga, wadda Hans Geiger da Walther Muller suka kyautata a 1928, ita ce kunnen ma'aikaci, gama tana mayar da tiriri ƙara mai ƙyas-ƙyas da za a iya ji. Amma na'urar da ta lalace ta fi rashinta haɗari, domin shirunta yana kama da shirun lafiya. Don haka akwai matakai huɗu kafin a dogara da ita. A duba batir. A duba takardar da ke manne da ita, a ga ko an daidaita ta cikin shekarar. A kusantar da ita ga ɗan ƙaramin tushen gwaji a ji ta amsa. A karanta abin da take nunawa a wuri mai tsabta, don a san mafarin lissafi. Ana kunna ta ne tun daga waje, a shiga da ita a gaba. Wajen binciken tebur kuwa, ana riƙe bakinta kusa da wurin ba tare da ya taɓa ba, a tafi da ita sannu a hankali.

Har ila yau, ba kowane tiriri take ji ba. Tiririn tiritiyam ba shi da ƙarfin ratsa tagarta, saboda haka ana iya samun tebur ya ɓaci sarai alhali tana shiru. A nan sai a shafi wurin da 'yar takarda, a kai ta na'urar ƙirga ta ruwa. Waɗansu tsofaffin na'urori kuma, idan tiriri ya yi musu yawa ƙwarai, sukan ruɗe alluransu su koma ƙasa. Ma'aikacin da ya ga allura ta faɗi a inda ya san akwai tushe mai ƙarfi, ya ja da baya tukuna.

Akwai kuma bajon awo da kowane ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji, wanda ake karɓa a karanta bayan wata guda ko wata uku. Bajon ba ya kare kowa, shaida ne kawai na abin da jiki ya sha. Ba a aronsa, ba a barinsa a aljihun tebur, ba a ajiye shi kusa da tushen tiriri. Wanda ya cire bajonsa don kada a ga ya haura iyaka a dakatar da shi, kansa ya cuta, gama ɓargonsa yana riƙe da lissafin da ya ɓoye wa ofis.

Manyan na'urori, irin waɗanda ke haska kaya da kobalt 60, suna da sakatar tsaro wadda ke hana ƙofa buɗewa muddin tushen yana waje. A birnin San Salbado, a shekarar 1989, a wata masana'antar tsabtace kayan asibiti da tiriri, kayan tsaro sun daɗe da lalacewa ba a gyara ba, ma'aikatan kuma ba su sami horo na sosai ba. Da tushen ya maƙale, sai mutum uku suka shiga don su gyara da hannu. Ɗaya ya rasu bayan 'yan watanni, wani kuma aka yanke masa ƙafa. Idan sakata ta ƙi buɗewa, ko ƙararrawa ta yi kuka, a ɗauka gaskiya ta faɗa har sai awo ya nuna akasin haka.

Idan An Yi Ɓari

Ko gwani yakan yi ɓari. Idan ya faru, sai a tsayar da aiki, a sanar da na kusa, a hana shiga da fita don kada takalma su raba abin cikin gini, a rufe wurin da takarda mai shan ruwa, a kira jami'in kariya. Ana gogewa ne daga gefe zuwa tsakiya, ana aunawa bayan kowace shafa. Idan ya taɓa fata, a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar kaifi, ban da dirzawa, don kada fatar ta salɓe abin ya sami ƙofa. Idan kuwa akwai wanda ya ji mummunan rauni, ceton ransa shi ne farko.

Mafi muhimmanci shi ne a faɗa. Ɗalibin da ya goge ɓari a ɓoye don tsoron faɗan malaminsa, ya bar tarko ga mai sharar da zai zo da asuba, wanda bai san kome ba kuma ba shi da bajo. Shugaban sashen da ke wulaƙanta wanda ya kawo rahoton kuskurensa, shi ke koya wa sauran su yi shiru.

Shara ma tana da ka'ida. Ba a zuba ta a kwandon ofis ko a kwata. Mai gajeren wa'adi ana kulle ta ne har ta huce. Bayan wa'adin rabi sau goma, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, watau fosfaras 32 yana bukatar kimanin wata biyar, sa'an nan a auna kafin a fitar. Mai dogon wa'adi kuwa sai a miƙa ta ga hukuma ko a mayar wa wanda ya sayar.

Sabo Turken Wawa

Abin lura shi ne, manyan haɗurran ɗakin bincike sau da yawa ƙwararru suke faɗa wa. A Los Alamos ta Amurka, ran 21 ga Agusta 1945, wani matashin masani, Harry Daghlian, yana gwaji da dare a kan wani curin fulutoniyam mai nauyin kilo 6.2, ba kowa tare da shi sai mai gadi. Tubali ya suɓuce masa ya faɗa kan curin, ya rasu bayan kwana 25. Ran 21 ga Mayu 1946, Louis Slotin yana nuna wa abokan aikinsa gwaji da wannan curin dai. Ka'ida ta ce a sa waɗansu 'yan ƙarafa tsakanin murafu biyu da ke rufe curin don kada su haɗu, shi kuwa ya saba riƙe su da bakin sukudireba, ya yi haka sau da dama ba abin da ya faru. Ran nan sukudireba ta zame. Ya rasu bayan kwana 9, yana da shekara 35. Daga nan aka hana yin irin wannan gwaji da hannu, aka koma sarrafa shi daga nesa.

Bayan shekara hamsin da 'yan kai, ran 30 ga Satumba 1999, a Tokaimura ta Japan, ma'aikata suka riƙa juye ruwan yuraniyam da bokiti cikin wani tanki don su gama da wuri, suka zuba kimanin kilo 16 a inda iyaka take kilo 2.4. Biyu daga cikinsu suka mutu. A duk waɗannan wurare an san ka'idar, an kauce mata sau ɗaya ba a ga kome ba, aka sake, har kaucewar ta zama ita ce hanyar aiki. Mutane sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma binciken da aka yi bayan kowane haɗari ya nuna matakan da aka tsallake ɗaya bayan ɗaya tun kafin ranar.

Nauyin da ke kan Ma'aikatan Gwamnati

A watan Satumba na 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, waɗansu masu tsintar ƙarafa suka shiga wani asibitin ƙona sankara da aka yi ƙaura aka bari, suka kwance wata na'ura suka sayar wa mai sayen tsofaffin ƙarafa. A cikinta akwai garin sisiyam 137 mai shuɗin haske da dare. Mutane suka yi ta sha'awarsa, suna rarraba wa dangi, suna shafawa a jiki. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara 6, aka auna mutum kimanin 112,000, aka sami 249 da ɓurɓushin a jikinsu, aka rushe gidaje. Asalin abin kuwa shi ne an bar na'ura ba mai kula da ita. Irin wannan ne ya sa a 2007 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fito da ƙarin alama ja, mai hoton ƙoƙon kai da mutum yana gudu, don wanda bai yi karatu ba ma ya gane.

A Nijeriya, dokar kariya daga tiriri ta 1995 ita ta kafa Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, wadda ta fara aiki a 2001. Ba a shigo da tushen tiriri, ko a yi amfani da shi, ko a ɗauke shi daga wuri zuwa wuri, ko a zubar da shi, sai da lasisinta. Amma lasisi takarda ce, masu riƙon amana ne ke ba ta ƙarfi. Jami'in da ke tsara kasafin kuɗi ya sani cewa kuɗin daidaita na'urori, da na karanta bajo, da na man janareto, da na horar da ma'aikata har da masu shara da masu gadi, ba su cikin abin da ake yankewa in kuɗi sun yi ƙaranci. Ma'ajin sito ya riƙe rajistar kowane tushe, da lambarsa da inda yake, a riƙa ƙirgawa ido da ido. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki ya sa su cikin takardar miƙa aiki. Kwamitin gwanjon tsofaffin kayan gwamnati kuma kada ya sayar da wata na'urar asibiti ko ta ɗakin bincike mai alamar fukafukai uku, sai jami'in kariya ya duba ta ya sa hannu. Sisiyam 137 da aka saya yau zai kai shekara 30 kafin ya ragu da rabi, watau wanda ya sa hannu aka sayo shi zai yi ritaya ya bar shi da sauran ƙarfinsa.

Kammalawa

Tiririn nukiliya yana da amfani mai yawa wajen maganin sankara, da binciken ma'adinai, da kyautata iri, da tsabtace kayan asibiti, kuma dubban mutane a duniya suna aiki da shi har su tsufa lafiya, saboda sun bi ka'ida a ranar da ake kallonsu da ranar da ba kowa. Abin da ake nema ga ɗalibi shi ne ya gwada na'urarsa kafin ya shiga, ya auna hannunsa kafin ya fita, ya faɗi kuskurensa da bakinsa a ranar da ya yi shi. Abin da ake nema ga ma'aikacin gwamnati kuwa shi ne ya san adadin tushen tiririn da ke ƙarƙashin kulawarsa, da inda kowanne yake kwana, da wanda ke riƙe da mabuɗin.